Motar da Ba Ta Tashi Sai da Iya

Daga wurin Allah muka fito, kuma can za a mayar da mu, mai mota da mai tafiya a ƙasa. Kakanmu, mahaifin babana, ya koma ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa a nan unguwar Sabo ta garin Badun, bayan ya sha kunu ya ce a rufe masa sauran zai ƙarasa anjima. Kafin La'asar mun kai shi makwancinsa. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ke damuna tun ranar addu'ar uku.

Duk wanda ya san ni ya san ba a sayen maganata sai an yi ragi. In na ce na ga mutum dubu, to ka tambaye ni sunayen su ukun. A wannan karon zan yi ƙoƙari in rage gishiri, domin gishirin nawa ne ya jawo abin da zan ba da labari.

Mun zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ni da Baffa, ƙanen babana, wanda shi ne babba a cikin 'ya'yan Kaka da suka rage. Abin da na lura da shi tun ranar farko shi ne, kowa da Kaka yake fara magana, amma da mota yake ƙarewa. Liman ya yabi sahun da Kaka bai taɓa bari ba, ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya leƙa ta zaure ya ce, ita fa tana nan? 'Yan dako daga kasuwar Shasha suka zo a ayari, da gammo a hannu, kayansu na warin albasa. Babbansu ya ce ranar da ya fara sauka a Badun bai san kowa ba, a rumfar motar nan ya kwana, kuma sharaɗi ɗaya Kaka ya gindaya masa: ya kwanta kusa da ita, amma kada ya jingina. Wani tsohon Bayarabe mai sayar da katako a Mokola ya zo yana dogara sanda, ya yi ta faɗin "e pele, e pele," wato sannu da yarensu, hawaye na bin gemunsa. Ashe duk tsawon abotarsu bai taɓa sanin sunan Kaka na yanka ba. Baba Ijafa kawai ya sani.

Ijafa kunkuru ke nan da Yarabanci, kuma haka ake kiran irin motar a garin nan: 'yar dunƙulalliyar nan mai ƙusumbi, mai ƙofa biyu, wadda injinta ke baya. Mu ma a gida Ijafa muke ce mata.

Saƙon da ya fi taɓa ni daga cikin gidaje ya fito. Maƙwabciyarmu, matar aure ce mai toya ƙosai a cikin gida yara su fitar, ta gaya wa Goggo, ƙanwar babana, cewa tun da Kaka ya rasu take makara. Ta ce ita ba ta taɓa sayen agogo ba. In ta ji Ijafa ta yi tari ta kama, sai ta ɗora mai a wuta. Mai koko ma haka ta ce, mai alala ma haka. Mu da muke tsine wa ƙarar nan a ƙarƙashin bargo, ba mu san da ita ake ciyar da rabin layinmu ba.

Kaka falken goro ne, da kuɗin goro ya saye ta sabuwa dal, tun kafin a haife ni. Launinta ruwan ƙwai ne, kuma har yau fentin da ta zo da shi ne a jikinta, domin kullum sai ya goge ta da tsohon rawaninsa. Irinta ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, kuma wannan ne babban abin alfaharinsa. In ya ga mai sabuwar mota ya tsaya a bakin titi yana ɗura mata ruwa, sai ya rage gudu, ya leƙo ya ce, "Tawa azumi take yi, ta fi taka ibada." Wani baƙonsa daga Arewa ya taɓa buɗe gabanta don ya duba masa mai, ya ga wayam, ya ɗora hannu a ka yana salati wai an sace inji. Kaka bai yi dariya ba. Ya ce ai ɓarayin Badun akwai tausayi, in sun ɗauka a gaba sukan mayar a baya, ya ja shi ya nuna masa. Mutumin nan har ya koma gida yana ba da labarin kirkin ɓarayin Kudu.

Ranar Sallah kuwa mu goma sha bakwai take ɗauka zuwa Idi. To, na yi alkawarin rage gishiri: mu tara ne, amma akwai Goggo a ciki, kuma Goggo mutum uku ce. In naƙuda ta kama wata a unguwa, ƙofarmu ake bugawa, kuma bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, in an haihu a kawo jaririn ya gaishe da motar. Akwai manyan mutane yau a Sabo, masu furfura, waɗanda aka ɗaga su a zanen goyo aka nuna wa fitilar Ijafa.

Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba sai sau ɗaya. Baffa ne ya yi niyyar alheri, ya ɗauko makanike daga Mokola ba da sanin Kaka ba, don a duba motar tun daga sama har ƙasa. Kaka ya dawo daga masallaci ya tarar suna shirin ɗaga kujerar baya, inda batirin irin motar yake zama. Ranar na ga tsoho ya yi gudu. Ya kori makaniken har bakin titi, takalmin mutumin ɗaya a gidanmu ya kwana. Baffa kuwa ya yi ta gaisuwa ba a amsawa, sai da Goggo ta shiga tsakani. Daga nan kowa ya san doka: a wanke Ijafa, a yi mata iska a taya, amma kujerar baya da abin da ke ƙarƙashinta na Kaka ne shi kaɗai. Mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Ga yadda safiyarsa take. In ya dawo daga sallar Asuba sai ya wuce rumfar da motar take, a tsakar gida, daf da tagar ɗakin Iya, kakarmu. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Sai ya fito ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Baiwar Allah, motar nan ta ƙi tashi. Zo ki danna mana baya." Iya ta fito tana mita, wai ita ba dutse ba ce da za a riƙa danne mota da ita, ya kwantar mata da kujerar gaba, ta shiga baya ta zauna a gefen dama. Murɗawa ɗaya, Ijafa ta yi tari ta kama. Su zauna a ciki inji na ɗumama, shi a gaba ita a baya, da kwanon koko a tsakaninsu, yana miƙa mata ƙosai ta kan kafaɗa. Ko bayan da idonsa ya yi rauni motar ta daina fita ƙofar gida, wannan bai fasa ba.

Ni jika ne, kuma jika aikinsa tsokana. Iya amaryata ce, Kaka kuwa tsohon da ya ƙi sakar mini mata. Na sha cewa ya bar ni in zauna a wurin nata mu gani ko za ta tashi, sai ya nuna ni da carbi ya ce kujerar matar aure ce, in je in nemo tawa. Don haka na ƙera labarina. Na ce akwai aljani a cikin batirin, tsohon direba ne da ya mutu bai yi aure ba, kuma ba ya aiki sai ya ji ƙamshin turaren Iya. Na ce Turawan da suka ƙera ta sun aiko a mayar musu, za su ba da jirgin sama a madadinta, Kaka ya ce jirgi ba ya shiga rumfa. Na ce ita kaɗai ta rage a duk Afirka. Na ba da labarin nan a wurin biki, na ba da shi a wurin suna, na ba da shi a teburin mai shayi har sai da wani ya ƙware. Kaka yakan ji ya girgiza kai ya ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba.

Ana saura kaɗan ya rasu, wasu samari suka ɗauke ni a waya ina wannan shirme, jingine da motar da aka hana 'yan dako jingina da ita. Da Hausa na fara, na juya Yarabanci, na ƙarasa da Turancin kasuwa. Suka sa a intanet. Na yi ta yawo ina nuna wa mutane kaina, ina cewa na fi gwamna suna.

Ranar addu'ar uku, wani mutum ya zo daga Legas, cikin farin leshi. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya yi gaisuwa kamar yadda ake yi, sai da aka watse sannan ya ce shi ne ya ga bidiyon, bai san mai motar ya rasu ba sai da ya iso. Ya ce tara tsofaffin motoci yake yi, kuma ya daɗe yana neman irin wannan. Ya ce ya shiga garuruwa, ya leƙa bayan gidaje, duk wadda ya samu gawa ce: wata kaji na ƙwai a ciki, wata bishiya ta tsiro ta tsakiyarta, wasu kuma 'yan gwangwan sun riga shi, an narkar an yi tukwane. Da ya ga tamu, da injinta na asali, da fentinta, da kujerunta, sai ya zagaya ta a hankali, hannunsa a baya, kamar mai tsoron kada ta farka.

Kafin ranar nan babu wanda ya lissafa Ijafa a cikin gado. Da ta zauna a rumfarta har ta ruɓe ba wanda zai tanka. Amma tun da aka ji abin nema ce, ta zama dukiya, dukiyar mamaci kuwa dole a raba. Ban ga laifin Baffa ba. Magada suna da yawa, rufin gidan na yoyo, Goggo na riƙe da marayu. Ni ko taya ba ni da ita a ciki, domin babana ya riga Kaka rasuwa. Ba ni da bakin cewa a sayar ko a bari. Bakin da nake da shi na riga na yi aiki da shi.

Iya kuwa tana takaba. Tun da aka fita da Kaka ba ta leƙo tsakar gida ba. Goggo ta ce in an kai mata abinci sai ta ce a ajiye, in an dawo a tarar ƙuda ne kawai ya taɓa. Na shiga na yi mata wasan da na saba, na ce yanzu fili ya zama nawa, ta shirya sadaki ya kusa. Ta dube ni kamar ba ta gane harshen ba. Babu wanda ya gaya mata zancen mai leshi.

Bayan addu'ar bakwai ya dawo da makanikensa, don a ji injin kafin a yi magana. Baffa ya ba da makulli. Makaniken ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, da na ga mutane sun taru sai ciwon nawa ya motsa, na soma ba su labarin aljanin da bai yi aure ba. Suna dariya, makaniken ya zagaya ya ɗaga kujerar baya. Na ga Baffa ya buɗe baki, ya rufe.

Babu aljani. Kan batirin ne a kwance, ba a ɗaure shi ba. A samansa an ɗora wani guntun katako da aka sassaƙa daidai wurin, ya yi santsi don daɗewa, an manna masa yankakkun robar taya, ɗaya bisa ɗaya. In mutum ya zauna, kujera ta danna katako, katako ya danna kan batir, wuta ta haɗu. Makaniken ya yi tsaki, ya ce wane ne ya yi wannan wahalar a kan abin da sifana za ta gama yanzu. Ya miƙo mini katakon, ya ɗaure, ya mayar da kujera, ya murɗa makulli. Ijafa ta yi tari ta kama, bayanta babu kowa.

Mai leshi ya yi murmushi har kunne. Ana cikin haka labulen tagar Iya ya motsa. Muryar Iya ta fito, ba da ƙarfi ba, amma ta ratsa ƙarar injin.

"Wa ya zauna a wurina?"

Baffa ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Baƙon ba ya jin Hausa, ya juyo wurina, tun da ni ne tafinta, ya tambaye ni me Mama ta ce. Harshe uku gare ni, na nemi ɗaya na rasa. Baffa ne ya raka shi waje, ya ce zai kira shi.

Da yamma, bayan La'asar, na aro sifana a wurin mai faci na shiga rumfa. Na ɗaga kujera ina ta fama, sifanar na zamewa. Ban ji zuwan Baffa ba sai da inuwarsa ta rufe ni. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya buɗe ɗan akwatin da ke gaban motar, ya zaro wata ƙaramar sifana naɗe a tsumma.

"Wannan ce tata. Waccan ta yi girma."

Ya zauna a kan benci ina kwancewa, ya tambaye ni ko na tuna lokacin da motar ta fara ƙin tashi. Na ce ai tun fil azal haka take. Ya ce a'a. Ya ce lokacin da babana ya rasu, Iya ta shige ɗaki ta ƙi fita, ta ƙi ci, har aka fara tsoron za ta bi ɗanta. An yi rarrashi, an yi wa'azi, an kawo 'yan uwanta daga Arewa, duk a banza. Wata safiya Kaka ya tsaya a ƙofarta ya ce mota ta ƙi tashi, ga goro na jira a tasha, ta taimaka ta danna masa baya. Iya ba ta iya ganin abu na lalacewa ta ƙyale. Ta fito. Ranar ta ci ƙosai biyu a cikin motar. Robobin nan kuwa, duk lokacin da ta ƙara tsufa ta rage nauyi, sai ya ƙara ɗaya. Kaka ya gaya wa Baffa wannan ne bayan rigimar makanike, ya ce kada ya kuskura ya faɗa.

"Na ɗauka abin ya mutu tare da shi," in ji Baffa. "Shi ya sa na yi shiru ɗazu."

Ina durƙushe da katakon a hannuna. Ina saurayi lokacin da babana ya rasu, ina cikin gidan, ina da ido. Ban taɓa haɗa abu biyun nan ba. Makokin ubana ne na ɗauka na yi ta yawo da shi wuraren biki ana tafa mini, kuma tsohon nan yana ji, bai taɓa gyara mini ba, don in ya gyara asirin ya tonu.

Baffa ya ce zai gaya wa magada da mai leshi cewa ba mai taɓa motar sai Iya ta fita takaba. Bayan nan gado gado ne, ba zai yi mini alkawarin abin da ba nasa ba. Ya ce amma kuɗin fetur da batir da tashin Asuba duk a wuyana suke, tun da ni na jawo. Ban taɓa karɓar hukunci da hannu biyu irin wannan ba.

Washegari da na dawo masallaci na shiga na murɗa makulli, shiru, na gode wa Allah. Na je bakin ƙofarta na tsaya inda yake tsayawa.

"Amaryata, motar nan ta ƙi tashi."

"Jiya na ji ta tashi."

"Jiya kuskure ta yi. Na yi mata faɗa."

Na daɗe a tsaye har na fara jin kunyar kaina. Sai na ji motsin takalmi. Ta fito cikin mayafin takaba, tana dafa bango, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na kwantar da kujerar gaba, ta shiga ta zauna a gefen dama. Na yi bisimilla na murɗa. Shiru. Na sake. Shiru. Na ce shi ke nan, na ɓata abin da tsoho ya yi shekaru yana lallaɓawa.

Daga baya na ji ta ce, "Ƙara roba ɗaya. Suna cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin kujerarsa."

Na juyo na dube ta. Ta kawar da kai tana kallon taga, ta ce ita ba yarinya ba ce, tun makon farko ta ji katako a ƙarƙashinta. Ta ce ta ga ya sha wahalar sassaƙa shi, shi ya sa ba ta ce komai ba.

Na ce, "Robar nan fa ta yi tsada, Iya. Ƙosai ya fi araha."

Ta ce ni da shi duk maƙaryata ne, bambancin kawai shi ba ya tara jama'a. Na sauke ta, na ƙara robar, ta koma ta zauna. Ijafa ta yi tari ta kama. Ba a jima ba muka ji ƙamshin mai daga gidan maƙwabta, na aika aka karɓo, na miƙa mata ta kan kafaɗa ban waiwaya ba. Hannuna ya daɗe a sama kafin in ji an ɗauka.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa inda ya sauka, Ya haɗa shi da ɗansa. Ban san inda Ijafa za ta kwana ba in takaba ta ƙare, kuma in an zo ɗaukarta na san bakin da ya kira mai ɗaukar. Amma jiya da safe na cire roba ɗaya a ɓoye don in gwada, Iya ta zauna, motar ta tashi.